Sifiri Ɗaya Ya Shiga Tsakanina da Mahaifina

Anti, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya idan kin ji abin da ya kawo ni, don ni kaina idan na faɗa da baki sai in ji kamar wasa. Sifiri ne, Anti, sifirin nan da ake cewa ba komai ba ne. Shi ya hana ni sukuni, ya kuma sa mahaifina ya daina haɗa ido da ni.

Baba tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne. Tun da ya yi ritaya shi ne magatakardan ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan wurin. Duk shekara shi ke aika wa kowa takardar gayyatar taronsu, idan kuma wani ya kwanta asibiti ko ya rasu, shi ke sanarwa. Mutanen nan sun warwatsu, wasu sun koma garuruwansu, wasu suna zaune a wajen 'ya'yansu, kuma yawancinsu takarda suka sani, ba ruwansu da saƙon waya. Baba yana da tebur a lungun falo kusa da taga, da gwangwanin birona, da tabarau biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na neman na karatun. Muna yara ko ƙwallo ba ma bari ta gangara wajen teburin nan.

To, bara waccan hannunsa ya fara rawa. Likita ya ce tsufa ne, ba abin tashin hankali ba. Amma rubutun Baba da a da kamar inji ya buga, yanzu ba ki bambance ɗaya da bakwai. Sai ya ɓata ambulan biyu kafin ya samu guda. Ina wucewa in ga kwandon shara cike da su, shi kuma ya tura kwandon ƙarƙashin tebur da ƙafa don kada in gani.

Ni a kantin magani nake aiki, kullum ina gaban kwamfuta, sai na ce bari in ɗauke masa nauyin. Da farko ya ƙi, wai kwamfuta ba ta san wanda ya mutu da wanda ke raye ba. Sai da Mama ta sa baki ya yarda. Ranar hutuna muka zauna, yana karanto mini adireshi ina shigarwa a teburin kwamfuta, wato manhajar nan mai layuka da rukunai, suna a rukuninsa, unguwa a nata, lambar gidan waya a nata. Kowane suna ya karanta sai ya ba ni labarin mai shi, wane ne ya taɓa faɗawa tankin ruwa, wane ne ba ya dariya sai ranar Alhamis. Rabon da in ga Baba yana nishaɗi haka na manta.

Tun a lokacin na lura akwai lambobin da ke farawa da sifiri, kuma da na gama bugawa sai sifirin ya ɓace. Na yi ta latse-latse har na samu wani tsari da ya sa ya bayyana a allo, na ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Na haɗa teburin da manhajar rubutu, abin nan da ake kira mail merge, na buga adireshin a kan sitika. Anti, sun yi kyau. Na hango Baba ya ɗauki ambulan ɗaya ya fita yana nuna wa maƙwabcinmu. Na duba shafin farko na ga komai daidai, ban duba sauran ba. Ashe na farkon duk 'yan yankinmu ne, mu kuma lambarmu ba ta farawa da sifiri.

Ranar taro gefe guda na ɗakin babu kowa, kujeru kawai. Duk mutanen yankin da lambarsu ke farawa da sifiri ba su zo ba. Wasu takardar ta same su bayan an watse, wasu kuma ta dawo mana da hatimin gidan waya a kai, lambar babu sifirin farkonta.

A cikin waɗanda ba su samu ba har da aminin Baba, wanda duk muke kira Baba Sifana, tasa takardar tana cikin waɗanda suka dawo. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Ƙarar injin tura ruwa ta kusa kashe masa kunne, don haka ba ya amsa waya, takarda ce kawai hanyarsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a taron bara sun ɗan yi sa-in-sa, ya ce wa Baba a gaban mutane ya tsufa da aikin magatakarda, ya kamata ya sauka. Da bai ga takarda ba bana, sai ya ɗauka Baba ne ya soke sunansa don ramuwa. 'Yarsa ta kira ni ta ce tun da watan taron ya kama ya sa aka goge masa kaya, kullum sai ya aika a duba akwatin gidan waya, daga baya ya ce kada wanda ya ƙara ambata masa sunan mahaifina. Na yi mata bayani, ta rubuta masa a takarda. Ya karanta ya ce ya ji uzuri iri-iri a duniya, amma bai taɓa jin wai kwamfuta ta cinye sifiri ba.

Da Baba ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya jera ambulan ɗin da suka dawo a kan tebur, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya yi mini albarka, na yi ƙoƙari. Washegari na ga ya fito da bironansa. Yanzu ƙungiyar ta sa ranar wani zama don waɗanda suka rasa na farko, kuma Baba ya rubuta duk ambulan ɗin da hannunsa. Ya ɗauki kwanaki yana yi, yana riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu. Ya ba ni in jefa masa saboda gidan waya yana kan hanyata ta aiki.

Suna cikin jakata yanzu haka da nake rubuto miki. Na duba su, wallahi akwai waɗanda ni 'yarsa ma ban iya karanta lambar ba. Zuciyata tana ce mini in buga sabbin sitika in manna a kan rubutunsa ba tare da ya sani ba. Yayana ya ce in manna kawai in yi shiru, ko kuma mu taru mu sa shi ya ajiye aikin ya huta. Mama ta ce in bar mutum da abinsa. Ga shi kuma na sake gwadawa a wurin aiki, sifirin yana nan a teburin kwamfuta, amma da ya hau sitika sai ya gudu, har yau ban san dalili ba.

Anti, yaya zan yi da sifirin nan, kuma yaya zan yi da mahaifina?

'Yar Magatakarda

*

'Yar Magatakarda, ban yi miki dariya ba. Tabarau biyun Baba ne kawai suka sa ni murmushi. Bari mu fara da mai sauƙin, wato na'ura, don ita ba ta fushi.

Na kai wasiƙarki wajen abokiyar aikina mai buga adireshin masu karɓar jaridarmu, tun kafin in gama karantawa ta gane ciwon. Teburin kwamfuta ya ɗauki lambar gidan waya a matsayin adadi, kamar yawan kwalayen magani a kantinku, a lissafi kuwa 07 da 7 duk ɗaya ne. Alhali lambar gidan waya suna ce, ba a tara ta, ba a ɗebe ta. Tsarin da kika samo kwalliya kawai ya yi wa allo. Manhajar rubutu ba kwalliyar take ɗauka ba, ainihin abin da ke ciki take ɗauka.

Maganin shi ne lambar ta zama rubutu. Idan sabon teburi za ki fara, ki zaɓi rukunin lambobin ki mayar da tsarinsa Text tun kafin ki buga komai. A wanda kike da shi yanzu, canza tsarin kaɗai ba zai dawo da sifirin da ya riga ya faɗi ba. Ki buɗe sabon rukuni a gefe, idan lambobin suna rukunin E ki rubuta =TEXT(E2,"00000") ki ja shi har ƙasa. Yawan sifirin ya yi daidai da tsawon lambar ƙasarku, idan shida ce ki sa shida. Idan akwai wanda ke zaune a ƙasar da lambarta ke da haruffa, tasa ki buga ta da hannu yadda take. Ki adana, ki sake haɗa teburin da sitikar, ki tabbata sabon rukunin kika ɗora, ba tsohon ba. Daga nan ki duba kowane adireshi a allo, ba shafin farko kaɗai ba, ki fara bugawa a farar takarda kafin ki taɓa sitika. Shi ke nan.

Yanzu ga babbar maganar. Kada ki manna komai a kan rubutun mahaifinki a ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar zaman, wani dattijo zai zaro ambulan daga aljihu don ya duba lokaci, Baba ya ga sitika a kan abin da ya sha wahalar rubutawa. Kuskuren farko tsautsayi ne, kuma ya karɓe shi a haka, shi ya sa ya sa miki albarka. Na biyun zai zama kin yanke masa hukunci a bayan idonsa, wannan kuwa ya fi wuyar gogewa.

Amma ban ce ki jefa su haka ba. Ke ma kina da gaskiya. Lambar da ba ta karantuwa da lambar da ta rasa sifiri hanya ɗaya suke bi, kuma idan takardun nan suka sake ɓata, babu na'urar da za a ɗora wa laifi, hannunsa za a kalla. Kin ga wannan, shi ya sa kika kasa jefawa. Tausayinki yana kan hanya.

Ki duba ta gefensa kuma. Mutumin da amininsa ya ce masa a bainar jama'a ya tsufa da aikinsa, ya yarda aka taimaka masa sau ɗaya, sai ɗaki ya zama rabi babu kowa. Ba ke yake guje wa ido ba, 'yata, kunya yake ji. Bironan nan da ya fito da su, da su yake ce wa kansa har yanzu shi ne magatakarda. Don haka ki ce wa yayanki ya ajiye maganar sauka. Ranar da Baba zai ajiye aikin, shi zai faɗa da bakinsa.

Ga abin da nake so ki yi, kuma yau, tunda ranar zaman tana matsowa. Ki gyara teburin kwamfutar, ki buga adireshin a farar takarda, ki koma gida da ita tare da ambulan ɗin. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban Mama ko yayanki ba. Ki gaya masa gaskiya, kin gano inda sifirin yake maƙalewa, kuma akwai 'yan ambulan da kike tsoron ma'aikatan gidan waya ba za su iya karantawa ba. Ki miƙa masa farar takardar ki roƙe shi ya duba miki layi-layi, kada a buga sitika ko ɗaya sai ya ce ta yi. Sai ku raba aikin: na'ura ta ɗauki unguwa da lamba, abin da gidan waya ke buƙata, shi kuma ya rubuta sunan mutum a sama da hannunsa, ya sa hannu a ciki. Abokansa rubutunsa suke so su gani, ko da yana rawa, don nasu ma rawar yake yi. Idan ya ƙi, kada ki ja. Ki nemi izininsa ki sake rubuta lambobin da ba su fito ba da naki hannun, a gabansa. Wannan ma ya wadatar a wannan karon.

Batun Baba Sifana kuwa, takarda ba za ta gyara shi ba, ko da sifiri goma aka sa mata. Mutumin da ya sa aka goge masa kaya ba ƙiyayya ke damunsa ba, ya ɗauka an manta da shi ne, kuma wataƙila maganar da ya faɗa bara tana cin sa. Ki nemo ambulan ɗinsa da ta dawo, kada ki buɗe ta. Sunansa yana kai, hatimin gidan waya yana kai da kwanan watan da aka jefa ta. Gani ya kori ji, balle ga wanda kunnen ya riga ya yi nauyi. Ki nemi hutun kwana ɗaya, ki sa mahaifinki a mota, ku kai masa ita hannu da hannu. Idan kun isa ki gaishe shi, ki ce ke kika yi kuskuren, ki faɗa sau ɗaya da ƙarfi yadda zai ji, sannan ki fita ki bar su. Kada ki damu idan kin jiyo su suna ɗaga murya. Mutanen da suka yi rayuwarsu a gefen inji haka suke hira.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya daidaita tsakaninsa da amininsa, ke kuma ya saka miki da 'ya'yan da za su damu da ke kamar haka. Ki tashi ki kama hanyar gida.

Antinku