Hannun Mai Aski

Litinin, 3 ga Maris

Kircin ya sake tashi. Bayan hannuwa duk ya tsattsage, tsakanin yatsu kuwa ba a magana. Mai aski da irin wannan hannu! Sau tara na wanke yau da ruwan zafi da sabulun magani, don kada a ce ƙazanta ce. Daɗi kamar me lokacin da ruwan ke zuba. Bayan minti biyar kuma kamar an barbaɗa barkono.

Alhamis, 6 ga Maris

Direba ya zo. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa gyaran fuska duk Alhamis, ko ido rufe na san inda tabon haɓarsa yake. Na ɗaura masa ƙyalle, ya kalli hannuna ta madubi, ya ce, "Af, na manta ana jirana a tasha." Da ƙyallen a wuya ya miƙe, sai da na tuna masa. Ta taga na ga ya shiga shagon askin tsallaken titi.

Na yi dariya don akwai mutane. Amma ya yi min ciwo, wallahi.

Asabar, 8 ga Maris

Maman yara ta ɓoye sabulun da soson. Wai, "Kai tukunya ne da za ka yi ta dirzar kanka?" Mun yi 'yar sa-in-sa. Ita ta ci.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti, ba don na so ba. Likitar sa'ar babbar 'yata ce. Ta tambayi sau nawa nake wanke hannu, na faɗa ina wani ƙafafa. Ta ajiye biro. "Baba, ai kai kake ƙara masa ƙarfi." Ashe ba ƙazanta ba ce, kuma ba ya kama wani. Ruwa mai ɗan ɗumi kawai. Basilin tun hannu da danshi. Maganin shafawa mako biyu. Safar hannu ta auduga a ƙarƙashin ta roba in zan taɓa sifirit ko rinin gashi.

Na ce ta rubuta min "ba ya kama wani" in manna a madubi. Ta ɗauka wasa nake.

Laraba, 19 ga Maris

Na yi barci har safe. Babu jini a zanin gado.

Lahadi, 30 ga Maris

Ɓawon ya zube, sabuwar fata ta fito, laushi kamar ta jariri. Maman yara ce ke shafa min basilin da safe, yatsa-yatsa, tana ba ni labarin maƙwabta. Zan iya da kaina, amma me ya yi zafi? Kwalba ɗaya a shago, ɗaya a aljihu. Almakashi ya suɓuce min sau biyu saboda santsi, tela na kusa da mu ya ce in koma sayar da mai. Alhamdu lillahi.

Alhamis uku ke nan babu Direba. Ba wai ina ƙirgawa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ya zo. Sajen hagu ya fi na dama tsawo, aikin tsallaken titi ke nan. Na ɗaura masa ƙyalle. Ina cikin shafa kumfa ya yi ƙasa da murya: "Abokina, me ka shafa ne? Autata ce, irinsa ya fito mata duk bayan gwiwa. A makaranta ba mai zama kusa da ita."

Na tanadi magana tun wata guda, mai zafi kuwa. Ban san inda ta shige ba. Na kwatanta masa ɗakin likitar, na ce a raba yarinya da ruwan zafi da soso yau-yau, kuma a gaya mata ba ƙazanta ba ce. Wannan ɗin sau biyu na faɗa.

Da zai tafi ya miƙo hannu, muka gaisa, ya riƙe ya daɗe. Sai da ya tsallaka titi na lura ban fara goge nawa a riga ba kamar yadda na saba, kuma ban duba fuskarsa don ganin ko yana ƙyama ba.

Sajen dai na daidaita masa.