Abin Da Na Yi Wa Inna Taiba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau ma ba ni da darasin gobe. Shekara biyu ke nan ina rubuta wa Zumuntar Mata ta cocinmu ɗan darasin safe a guruf ɗinmu na waya. Na yi a kan tsintsiya, na yi a kan gishiri, na yi a kan layin ɗibar ruwa. Kaina ya ƙafe.

Da yamma na shiga wurin maƙwabciyata Inna Taiba karɓar daddawa. Na tarar ƙafafunta sun kumbura. Sai da na matsa mata ta faɗa mini. Mijinta, Baba Falalu, ladanin masallacin unguwarmu, ya fara mantuwa. Sau biyu ya ɓata a hanyar gonarsa ta bayan gari. Tun daga nan kullum ya fita sai ta ɗauki kwanon ƙuli-ƙuli kamar mai talla, ta bi shi nesa-nesa har ya dawo. Bai sani ba. Ta ce, “Malama, ke kaɗai na gaya ma. Ko Mas'ud ɗana bai sani ba.”

Gaskiya ta ba ni tausayi. Amma tun tana magana nake jera jimloli a raina.

Talata, 8 ga Oktoba

Na tura. Na ce haka Ubangiji yake binmu a baya, muna tafiya muna ganin wayonmu ne ya kawo mu gida. Ban sa suna ba. “Wata maƙwabciyata” kawai na ce. To, na sa kwanon ƙuli-ƙuli, na sa gonar bayan gari, na kuma ce mijin yana kiran mutane ibada. In ba su, labarin ba ya tsayawa.

Mata goma sha bakwai suka amsa da Amin. Matar fasto ta kira ni, ta ce, “Rejoice, kin sa ni kuka.” Na ji daɗi. Na sake karanta abina sau huɗu a ɗakin malamai.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayan sujada Justina, 'yar zumuntarmu, ta ce ta tura darasin a guruf ɗin ma'aikatansu na asibiti, har Musulmin cikinsu sun yaba. Sannan ta rage murya: “Ladaninku ne, ko?”

Na ce misali ne kawai. A ƙofar coci na yi wannan ƙaryar, da Littafi Mai Tsarki a hammatata.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ba muryar Baba Falalu ba ce ta kira sallar asuba yau. Shekara shida nake tashi da muryar nan. Ita ce agogona.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mas'ud ya zo daga Maradun. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba sai na kasa kunne ba. Wata 'yar uwarsu da ke aikin asibiti ce ta nuna masa darasin. Yana ta cewa, “Inna, a waya zan ji ciwon ubana? A bakin baƙi?”

Dattawan masallaci sun ce Baba ya huta, an ba wani ladancin. Mai kayan miya ya ce da ni a kan hanya, wai ashe tsoho ya ruɗe. Jiya-jiyan nan mutumin nan ke russuna masa.

Abin da ya fi ci mini rai, an gaya wa Baba cewa matarsa na binsa. Yau bai fita ba. Dawarsa kuwa ta isa yanka.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na yi ta kawo wa kaina hujja. Ban sa suna ba. Da ma ciwon ba zai ɓoyu ba. Wataƙila ma yanzu za a kai shi asibiti. Mata da yawa sun ƙarfafa da darasin.

Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya bai bar ni na ci abinci ba. Matar nan ce ta yi jinyata wata guda lokacin da na yi ɓari, danginmu suna can Zangon Kataf. Ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani a ɗakina ba. Ni ta ba ni magana ɗaya na riƙe, ban kai ta awa ashirin ba.

Na goge darasin daga guruf. Kamar hakan zai goge shi daga wayoyin mutane.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kai ƙofarsu sau biyu na juyo. Na ce wa kaina ranar kasuwa ce, tana da aiki.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na shiga. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Na durƙusa, na ce ni ce na rubuta, ni na jawo masa duk wannan, ya yafe mini. Ya dube ni da fara'a. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi 'yan makaranta. Sannan ya ce, “Mi kika yi, ɗiyata? Ke da ba ki da laihi.” Ya juya ya tambayi Inna ko lokacin la'asar ya yi, kada ya makara.

Na so a yi mini faɗa. Na shirya wa faɗa. Wannan ban shirya masa ba.

Inna Taiba ta ja ni madafa. Ta ce, “Shi ya mance. Ni ban mance ba.” Na ce na sani. Ta ce ran Lahadi Mas'ud zai tafi da su Maradun, ya ce ba zai bar ubansa inda ake nuna shi da baki ba. Shekara arba'in da ɗaya tana gidan nan.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta turo mini buhu da ƙafa, ta ce, “Riƙe man bakinshi.” Muka yi ta zuba tukwanenta har magariba.

Talata, 29 ga Oktoba

Sun tafi shekaranjiya. Na ɗora mata kaya a mota. Da za ta shiga ta kama hannuna, ta riƙe ya ɗan jima, ta saki.

Matar fasto ta tambaya ina darasi, mako biyu shiru. A hanyar makaranta jimla ta farko ta zo mini da kanta, a kan hannun nan da ta riƙe. Jimla ce mai kyau, na san za su yi kuka.

Aya kawai na tura musu. Mutum uku suka ce Amin.