Abokina Ya Manta Na Rabu da Motarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, akwai jikokina a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, kuma abin da ke damuna ya girmi yawancinku, sai ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

A farkon shekarun tamanin ina gyaran injinan saƙa a wata masaƙa a Sharaɗa. Abokina, bari in kira shi Lawali, mutumin Damagaram ne, shi ke kula da lantarkin kamfanin. Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa wata 'yar jar mota da ta mutu murus a bayan sito, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol. Wata takwas muka yi muna tashinta duk Lahadi, shi waya, ni inji. Ba ta da nauyi ko kaɗan, in ta kafe mu biyu muke ɗaga bayanta mu juya ta, amma in ka shiga kwana da ita a titunan Bompai, kafin ka gama murza sitiyari ta riga ta juya. Ma'aikata suka sa mata suna Mazari. Tasa ce, kowa ya sani, ni dai ɗan gaban mota ne mai baki.

Da mahaifinsa ya rasu dole ya tafi gida, bai san yaushe zai dawo ba. A bakin get muka yi sallama, daidai ƙarfe biyu na rana, 'yan safe na fita 'yan yamma na shiga, jiniyar canjin aiki tana ta kuka. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Riƙe mini ita, kada ka bari batir ya mutu."

To ni a lokacin ina da mata da ɗa ɗaya, ga wani cikin, ga mahaifiyata a wurina a Hotoro tana fama da ƙafa. Mazari mutum ɗaya take ɗauka bayan direba. Ranar asibiti sai in zaɓa, ko Inna ko maiɗakina, kuma Inna ba ta iya durƙusawa ta shiga, ta ce ita ba za ta zauna a ƙasa ana jan ta ba. Maiɗakin kuwa cewa take motar marasa dangi ce. Da damina ta zo, kullum salansar motar na kartar ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi nake faɗa wa mutane shekara arba'in. Abin da ba na faɗa shi ne, wani dillali a Na'ibawa ya nuna mini wata mai ƙofa huɗu, fulogi shida, ya ce ɗan wani Alhaji ne ke son jar, a yi musanye kai da kai. Na gwada ta a titin Zariya, na taka, ta manna ni da kujera, gudun da Mazari ba ta taɓa yi ba, ga mutum biyar a zaune, ga but mai cin buhu biyu. A kwana kam nauyi gare ta, kamar kana tura gado. Amma wallahi raina ya biya, ba don Inna kaɗai ba. Nan take na ce na sallama.

Bayan shekara ɗaya da rabi Lawali ya dawo. Ya zagaya sabuwar motar sau ɗaya, ya tambaye ni ina tasa. A gaban jama'a, a wannan get ɗin dai, na ce ai cewa ya yi "riƙe ta", yadda ake ce wa mutum riƙe canjin, wato kyauta. Ya ce shi "riƙe mini" ya ce. Na ce jiniya na kuka, ban ji wani "mini" ba, na ƙara da cewa dama mutum in ya yi kyauta ya ga abu ya yi albarka sai ya canza magana. Ni ɗan gari ne, ina da baki, shi baƙo ne mai kunya, sai yawancin mutane suka bi bayana. Fomanmu ya so ya sasanta, na ce to Lawali ya ɗauki sabuwar, don na san ba zai karɓa ba. Bai karɓa ɗin ba. Ya ajiye aiki ya koma kamfanin fata a Chalawa, daga nan ko a jana'iza muka haɗu sahu daban muke tsayawa. Jama'a, na ji "mini" ɗin nan sarai, har yau ina jin sa.

Watan jiya wata mata ta yi sallama a gidana, ta ce ita 'yar Lawali ce, yana wurinta a Ɗorayi. Ciwon mantuwa ya kama shi, ba ya gane 'ya'yansa, amma kullum sunana yake kira. Ta ce, "Baba, don Allah ku zo ko zai samu natsuwa." Na tafi ina shirya kalaman neman gafara a hanya. Ina shiga ya gane ni, ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce, "Mutumina, ka zo da Mazari?" A wurinsa jiya ya ba ni makulli. Sai na ji bakina ya ce tana gareji ana wanke kafireta. Ya ce dama ni ban taɓa iya saita ta ba. Na yi dariya tare da shi, na fito na zauna a mota na kasa tayarwa.

Zuwa na uku na daure na faɗa masa komai, har da cewa na ji abin da ya ce. Sai ya fashe da kuka irin na yara, yana tambaya me ya yi mini. Ranar ko ruwa bai sha ba. Washegari ya manta, ya koma tambayar yaushe zan kawo motar. 'Yarsa ta roƙe ni kada in sake, kuma tana da gaskiya.

Na je wurin wani malami, ya ce in biya iyalinsa kwatankwacin motar in yi ta istigfari. 'Ya'yan suka ce su ba su san da wata mota ba, sun yafe. Amma ni ba ƙarfen ne ke cina ba. Na mai da mutumin kirki maƙaryaci a gaban abokan aikinsa, waɗanda suka ji kuwa kusan duk sun mutu, babu wanda zan je in gyara wa maganar. Shi kaɗai ke da ikon yafe wannan, kuma ba ya iya riƙe laifin na kwana ɗaya balle ya yafe. Gaskiya na fara cire rai, ina ganin da wannan haƙƙin za a binne ni.

Ranar Juma'a na yi alkawarin komawa, kuma na san da tambayar da zai tare ni. In ci gaba da ce masa tana gareji, ya yi farin ciki da ƙaryata ta biyu? In daina zuwa, ya yi ta kiran sunana? Ko in sake faɗa masa, ya yi kuka, ko Allah zai sa ya ce ya yafe kafin ya manta, kuma in ya faɗa a wannan halin, yafiya ce? Ku gaya mini abin da zan ce masa.