Wanda Zai Daka Yangona

Daga cikin jirgi, mun bar Levuka

Taubashiyata Torika,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Suva, yaya ƙafar, yaya jikoki?

Ina nan a jirgin ruwan makarantar nan mai tafiya da iska. Ɗalibai ashirin muka kwaso bana, ni ke koya musu ɗaurin igiya da ɗaga ƙyallen da ke kama iska. Kwana uku suna amai, yanzu sun warke, sai ci. Jiya na ce su kwanta a kan katako su ji inda igiyar ruwa ke dukan jirgi, kamar yadda Baba ya koya mana ni da Yaya Sairusi. Suka yi barci, Torika, har da minshari.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kyaftin ta ce za mu tsaya a tsibirinmu, kuma ni zan miƙa saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha wajen karɓar baƙi, a madadin jirgi, tunda ba a sauka garin mutane hannu sake. Shekara talatin da ɗaya rabona da can. Na shirya in yi magana a matsayin baƙo, in ce mu mutanen jirgi ne, in koma. Kada ki gaya wa kowa.

Naki,
Apenisa

*

Suva

Apenisa sarkin gudu,

Muna lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Tun muna yara na san kanka ba daidai yake ba, ashe furfura ma ba ta gyara shi ba.

Baƙo? A garin da aka binne cibiyarka? To bari ka ji: Sairusi ne ke karɓar yangona yanzu a madadin gari. Idonsa ya tafi bara, amma kunnen nan nasa ko kaza ta yi tari a bayan coci sai ya faɗi ta gidan wa ce.

Kwalekwale ɗaya ka fasa a kan duwatsun mashigar tsibiri kana ɗan shekara ashirin. Na sani, na Kawu ne, babanku, shekara biyu yana sassaƙa shi, ƙyallensa kuma Inna ce ta saƙa da hannunta. Amma wa ya kore ka? Kai ka bi jirgin dakon kwakwa ko sallama babu. Kawu ya rasu ba ka zo ba. Wannan ne ke cin Sairusi, ba katako ba.

Ka je. In ka yi ƙaryar ciwon ciki zan ji labari.

Taubashiyarka,
Torika

*

Daga cikin jirgi, Lakeba

Torika,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta same ni a nan, na karanta ta sau huɗu, duk zagin bai ragu ba.

Ba ki san komai ba. Ranar da na fasa kwalekwalen, Baba bai zage ni ba. Tsayawa ya yi a ruwa zuwa gwiwa yana tsince guntayen ƙyallen Inna yana ninkewa. Da ya mare ni da na zauna.

Kwanan nan komai sai ya tuna mini gida. Mai girkinmu ta dafa rogo da kifi a ruwan kwakwa, na kasa gama kwanona. Na tuna mu huɗu, ni da ke da Yaya da Baba, a bakin ruwa muna murza igiyar bawon kwakwa a cinya, kina sace tawa kina cewa taki ce, Baba yana yi kamar bai gani ba. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. In Yaya ya karɓi yangonar ya yi mini maraba irin ta baƙi, to shi ke nan, ba ni da gida.

Jibi za mu shiga mashigar, ni ne a kan sitiyari.

Apenisa

*

Daga gida

Torika,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna duk bororo ne.

Mun shiga lafiya, ko goga dutse ban yi ba. Muka zauna a zauren gari a kan tabarma, ɗalibai sun naɗe ƙafa yadda na koya musu. Na tura saiwar gaba, na tafa, na ce mu baƙi ne daga jirgi, muna neman izinin sauka. Yaya ya ɗora hannu a kanta yana shafa ta. Ya tsufa, Torika, kamanninsa sun koma na Baba.

Sannan ya tambayi Kyaftin mu nawa ne. Ta ce ashirin da bakwai.

Ya ce, “Baƙi ashirin da shida, gari naku ne. Kai kuma Apenisa, zaman me kake yi a cikin baƙi? Turmi na inda ka bar shi. Tashi ka daka wa mutane.”

Na daka, ina kuka ɗalibaina suna kallo. Gobe da safe zai raka ni kabarin Baba, ya ce in riƙe masa hannu don hanyar ta lalace.

Ɗan'uwanki,
Apenisa