Ƙaguwar Yaya Noelie

Laraba, 2 ga Mayu
An yi taro a zauren coci kan sabuwar takardar izini. Wata mata daga hukumar kula da muhalli ta zo da bayani: kowane ƙaramin jirgi ya ajiye takarda, a riƙa duba inji, kuma kada a zubar da ruwan ƙasan jirgi idan akwai mai a ciki. Na miƙe na ce shekara arba'in ina kamun jatan lande a nan, ba wanda zai taso daga ofis ya koya mini tsabtar ruwa. Aka yi ta tafi. Curtis mai sayar mana da ƙanƙara ya ce, "Alcide, kai za mu tura majalisa!" Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 5 ga Mayu
Bututun mai ya tsage, man dizal ya gauraye da ruwan ƙasan jirgi. Gangar da ake zuba irin wannan ruwa tana can gaban shagon Curtis. Jigilar bokiti kusan ashirin, ga ciwon baya. Rana tsaka, ba kowa a matsayar jirage. Na kunna famfon jirgi, ya zuƙe ruwan ya watsa cikin mashigi. Mai ya shimfiɗu a kan ruwa, launi-launi. Na ɗauko sabulun wanke-wanke daga gida na tsiyaya a kai, ya nutse. Haka Baba yake yi. Haka kowa yake yi.

Lahadi, 6 ga Mayu
Yaya Noelie ba ta zo coci ba. Tun rasuwar yayana, mijinta, ba ta taɓa fashi ba, shi ya sa muka biya gidanta ni da matata Verna.
Mun same ta a bayan gida, tsaye a kan tankunanta. A nan take ajiye ƙaguwa har su yi saɓa, ta sayar wa masu gidajen abinci tun sabon ɓawonsu yana da laushi. Wannan watan ne kakar cinikinta, da shi take cin shekara. Injinta daga mashigin nan yake jawo ruwa, ƙasa kaɗan da inda nake ɗaure jirgi.
Ƙaguwar nan duk sun mutu. Sun juye, fararen cikkuna a sama. Tana tsame su ɗaya-ɗaya da hannu, ba ta kuka.
"Ƙanena, sansana ka ji. Hancina ne ko mai ne?"
Na sansana. Na ce ban ji komai ba.

Litinin, 7 ga Mayu
Ba mantawa na yi da injinta ba. Ni na kafa mata shi. Tunani ne kawai ban yi ba.

Laraba, 9 ga Mayu
Masu gadin gaɓa sun zo, sun ɗebi ruwa a kwalba. Wani ya nuna musu jirgin tsoho Quang, mutumin Vietnam ɗin nan da yake ɗaure jirgi kusa da nawa shekara ashirin da wani abu. Jirginsa ya tsufa, injinsa na hayaƙi, shi ke nan. Sun ce kada ya fita sai an gama bincike. Ranar Litinin ake buɗe kamun jatan lande.
A shagon Curtis ana ta zuba. "Mutanen nan ai ba ruwansu da doka." "Alcide, kai ne maƙwabcinsa, me ka gani?" Na ce ni ba na sa ido a jirgin wani. Suka ce dattijo ke nan.

Alhamis, 10 ga Mayu
Verna: "Ina sabulun kicin ya shiga?" Na ce ya ƙare. Ta dube ni, ta daɗe.

Juma'a, 11 ga Mayu
An yanke wa Quang igiya biyu, an rubuta zagi da fenti a jikin jirginsa. Da safe na gan shi durƙushe yana kankarewa da wuƙa. Ya ɗago ya gaishe ni, har da tambayar ciwon bayana. Wai matarsa tana da man shafawa, zai kawo mini.
Lokacin babbar guguwar da aka yi shekarun baya, shi ya janyo jirgina daga cikin ciyawa, ko sisi bai karɓa ba.
Na kasa cin abincin rana.

Asabar, 12 ga Mayu
Na je wurin Yaya Noelie, wai taya ta wanke tankuna. Muna cikin gugar na uku na faɗa mata ni na zubar da man. Ban kalle ta ba, burushi na kalla.
Ta ci gaba da guga, sannan ta ce:
"Na sani tun Lahadi. Wanda bai ji komai ba, ba ya yin zufa haka."
Na ce zan gyara, zan sayo mata wasu ƙaguwa, zan yi duk abin da ta ce.
"Ni bar ni. Ni ’yar gida ce, zan zage ka in huce. Wancan bawan Allah fa? Kwana nawa ka bari ana cin mutuncinsa, kana zaune ana kiran ka dattijo?"
Da yayana yana raye da ya mare ni, kuma da ya fi sauƙi.

Lahadi, 13 ga Mayu
Na buga wa masu gadin gaɓa waya. Sau biyu ina kashewa kafin a ɗauka. Yarinyar da ta amsa ta sa na maimaita sunana harafi-harafi. Za su zo, akwai tara, ban tambayi nawa ba.
Sannan gidan Quang. Ya saurare ni a bakin ƙofa, bai ce in shigo ba. Da na gama ya ce, "Na gan ka ranar. Ina cikin jirgi ina ɗinkin raga."
Na ce to me ya hana ka faɗa?
"Wa zai yarda da ni a kanka?"
Ya rufe ƙofa a hankali. Gara ma da bugo ta ya yi.

Litinin, 14 ga Mayu
An buɗe kamu. Quang ya fita tare da kowa. Ni ina gaɓa ina amsa tambayoyi.

Asabar, 26 ga Mayu
Yaya Noelie ta sake zuba ƙaguwa, ba su kai rabin na da ba. Tana amsa gaisuwata, a taƙaice. Quang yana ɗaga hannu daga nesa, iyakarta ke nan.
Yau ruwa ya sake taruwa a ƙasan jirgi, da ɗan maiƙo kaɗan, wanda ko lura ba za a yi ba. Na kwashe da bokiti na yi ta jigila zuwa ganga, a gaban kowa. Curtis ya leƙo: "A'a! Ɗan majalisa, yau kai ne da ɗiban ruwa?" Aka kwashe da dariya. Na ce famfona ne ya lalace.
Famfo lafiyarsa ƙalau. Sau goma sha huɗu na je na dawo.