Muryar Malam Za Ta Je Wata

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya Kaka da ƙafa? Tunda ka rantse ba za ka riƙe babbar waya ba, ga ni da biro kamar 'yar firamare. Direba zai kawo maka.

Kawu, albishir! Na gani a intanet wani kamfani zai harba kumbo zuwa wata, kuma kowa zai iya tura murya ta daƙiƙa goma a tafi da ita. Take na tuna da kakana Malam, Allah Ya jiƙansa. Shekara arba'in yana limanci, ko jirgin sama bai taɓa shiga ba, amma kullum bayan magariba yana kan kujerarsa a ƙofar gida yana kallon wata. Kaset-kaset ɗin huɗubarsa da na kwafe suna wayata. Ka yarje min in tura ɗaya? Ranar Juma'a za a rufe.

'Yarka mai surutu

*

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi kwana biyu ina juya maganarki. Ba ki san wannan ba: lokacin da aka ce an sauka a wata, mutane sun cika zaure suna so mahaifinmu ya hau mumbari ya ce ƙarya ce. Ya ƙi. Ya ce wanda Ya halicci wata Shi Ya halicci hankali. Saboda haka na yarda, da sharaɗi ɗaya: ki zaɓi addu'ar da yake rufe huɗuba da ita. Mutuncinsa ne a hannunki, ban da rawar kai.

Wassalam,
Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa dai, amma ka zauna tukuna.

Na tura. Har na raba wa ƙawayena katin shaida, ana ta yi min barka. Sai yau na sa abin a kunne. Na yanko goman farko ne maimakon goman ƙarshe. Ka san Malam yakan danna rikoda tun yana ɗaki. Babu addu'a ko ɗaya, Kawu. Tarinsa ne, sai ya ce, "Ke, ina kika kai min tabarau?" Sai muryar Kaka daga nesa: "Yana goshinka, Malam!" Sai dariyarsa. Shi ke nan.

Na saurara ya fi sau ashirin, ina dariya ina hawaye. Sun ce sau ɗaya ake canzawa, kafin Juma'a. Na riga na yanko addu'ar daidai, dannawa kawai ya rage. Don Allah kar ka gaya wa Kaka.

Mai neman afuwa,
'Yarka

*

Ja'ira,

Kakarki ce, Kawunki ke rubuta min yana ta ɓata rai. Ya karanta min takardarki, dama bai iya ɓoye min komai ba.

Addu'ar Malam ta riga kumbonku isa sama tun tuni, ba ta neman ɗauki. Waccan tambayar kuwa shekara hamsin ni kaɗai nake amsa ta. Kar ki taɓa komai.

Ranar Asabar ki zo da wayar. Ina so in ji shi yana nema.

Kakarki