Hutuna Ya Ƙare a Dajin Malesiya

Aziziyya, Jidda.
Watan Sha'aban, 2004.

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Gumel. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan tata. Ni ma lafiyata ƙalau. Kuka da daddawar da kika aiko sun iso ta hannun Malam Na'ibi, ranar na yi miyar da har maƙwabta suka leƙo. Shi ne ya gaya min cikin 'yata Rabi'a ya tsufa, mijinta Musbahu ya kawo ta gidanki goyon ciki, ana sa ran haihuwa cikin azumi. Allah ya raba lafiya.

Yaya, gara in faɗa miki tun daga farko: ba zan samu zuwa ba. Na san na yi wa yarinyar nan alkawari da bakina cewa haihuwarta ta fari ni zan dafa ruwan wankanta. Bari ki ji yadda abin ya kuɓuce min.

Da aka yi hutun makaranta, uwar ɗakina ta ce in haɗa kaya, za su Malesiya shan iska, kuma da ni za a je saboda jaririnta Othman ba ya yarda da kowa. Ni kuwa sarkin zumuɗi har da guɗa, na ɗauka kyauta ce aka yi min. Ban tambayi komai ba. Daga babban birninsu muka sake hawa jirgi, muka shiga mota, sannan kwalekwale mai inji, har cikin wani gandun daji da gwamnatinsu ta keɓe wa namun daji. Yaya, ashe akwai ƙasar da rana ba ta taɓa ƙasa. Itatuwan kukar garinmu in an kai su can sai a ce tsiro ne. Ruwan sama kullum, ganye a jiƙe, ƙwari suna ƙara kamar injin niƙa.

Sai dai kar ki zaci yawo na sha. Ɗakin katako aka ba mu, da raga a taga, a nan na zauna da jariri, don an ce sauro zai cije shi. Su fita da safe da mai yi musu jagora, su dawo da yamma suna ba ni labarin manyan birai jajaye, da tsuntsu mai baki kamar ayaba, da gadar igiya a saman bishiyoyi. Ni birin da na gani ɗaya ne, wani ɗan iska da ya zura hannu ya ɗauke burodin yaro yana kallona ido cikin ido. Ranar da matsattsaku ya maƙale wa uwar ɗakina a ƙafa, ihunta ya fi na biran, sai da na shiga banɗaki na yi dariyata ta ishe ni.

Abin da idona ke gani ta tagar nan shi ne itace. Manyan gungume a zube suna ruɓewa, ga ruwa ba na saye ba, ga ganye iri-iri. Na riƙa cewa a raina, wannan ai ya dafa wankan jegon duk matan Gumel. Na tuna yadda muka sha wahalar neman ice lokacin da na haifi Rabi'ar. Wata rana na tsinki ganye don in shinshina ko ya yi kama da darbejiya, sai ma'aikacin wurin ya zo da ladabi yana nuna min allo, wai ko busasshen kara ba a ɗauka. Na ajiye musu kayansu.

Da muka dawo Jidda na bari aka huta, sannan na tuna wa maigidan, wanda shi ne kafilina, wato wanda nake zaune a ƙasar nan da sunansa, maganar tafiyata gida. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai na riga na yi hutuna. Wai bizar fita da dawowa da ya yi min ta Malesiya ita ce ta bana, kuma mata nawa ne irina suka taɓa ganin abin da na gani. Na ce masa aiki na je yi, goyo ne a bayana tun daga Jidda har Jidda. Ya ce halas, maganar ta ƙare. Na koma wurin matarsa ina kuka, na yi mata bayanin yadda ake yi a wurinmu, cewa uwa ce ke tsayawa kan 'yarta har arba'in. Ta tausaya, har ta ba ni turmin yadi in aika, amma ta ce ba a asibiti za ta haihu ba?

Daga ƙarshe na ce to a yi min fita ta dindindin, na haƙura da aikin da iƙamar, wato takardar izinin zama, duka. Ya ce babu laifi, amma sai wadda za ta maye gurbina ta iso, bayan aikin Hajji in Allah ya so. Fasfona yana cikin akwatin ƙarfensa. Wasu 'yan garinmu a nan sun ce in gudu in miƙa kaina a kama ni a mayar da ni gida, amma na ga waɗanda suka yi haka suna shafe watanni a tsare. Ko ta wace hanya, sai an yi suna an gama wanka ban iso ba. Raina a ƙuntace yake, Yaya, abinci ma turawa kawai nake.

Don haka na roƙe ki don Allah ki tsaya a madadina. Rabi'a raguwa ce a kan ruwan zafi, za ta yi miki kuka da magiya, kar ki sassauta, amma ki riƙa lallashinta. Kunun kanwa sai kin tsaya a kanta, in ba haka ba bayan ɗaki za ta zubar. Ki sa Gwadabe ƙanenmu ya tanadi ice tun yanzu.

Ki gaishe min da Inna, da Gwadabe da iyalinsa, da Musbahu, da Baba Adamu. Rabi'a kuwa ki ce mata kafili ne ya hana, wannan gaskiya ne. Amma labarin dajin nan ya tsaya tsakanina da ke. Ba na so wata rana a gaya mata uwarta ta tafi kallon birai ta bar ta a kan gwiwa.

Taki ƙanwa,
Mastura